Yadda Ake Karanta Rinin Tsohuwar Kwandala a Gane Inda Ta Kwana

Idan tsohuwar kwandalar azurfa ta shigo hannun mutum, ya ga bakinta ya yi ruwan zuma, ko wani sashe ya yi shuɗi da ja, abin da zuciya ke fara raya masa shi ne ya nemo toka ko man goge baki ya dirje ta har ta koma fara fat. A wurin masu tara tsofaffin kuɗi babu asarar da ta kai wannan. Launin nan sawun abin da kwandalar ta jingina da shi ne shekara da shekaru, ko buhu, ko kwali, ko takarda, ko leda, kuma kowannensu da irin zanen da yake bari. Wanda ya iya karanta zanen zai gane inda aka ajiye ta, zai rarrabe rinin da shekaru suka yi da wanda ɗan damfara ya yi a dare ɗaya, zai kuma san ko abin da yake kallo ado ne ko cuta ce mai cin ƙarfe.

Yawancin misalan da zan kawo na Amurka ne, musamman dalar Morgan, wata tsohuwar dalar azurfa ta ƙasar, domin a can ne aka tara miliyoyin kuɗin azurfa a wuri guda na tsawon lokaci, aka kuma san ainihin abin da aka zuba su a ciki.

Mataki na farko: ka san ƙarfen da ke hannunka

Azurfa ba ta tsatsa irin ta baƙin ƙarfe. Abokiyar gabarta farar wuta ce. Akwai ɗan burbushinta a iska, akwai ta a takarda da kwali masu araha, a roba, a ulu, a hayaƙin inji, har a ƙwai da albasa. Idan ta sauka a kan azurfa sai su haɗu su yi wata 'yar fata siririya wadda kaurinta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na silin gashi ba. Haske in ya sauka, wani ya dawo daga saman fatar, wani ya ratsa ta ya dawo daga jikin ƙarfen, haɗuwarsu ce ke fitar da launi. Abin da kake gani ne idan fetur ya ɗiga a ruwan kwata ya yi bakan gizo. Saboda haka launi kauri yake nunawa: inda fatar ta yi siriri launi daban, inda ta ƙara kauri launi daban.

Wannan ne ya sa launukan ke da jeri, kuma ya kamata ka haddace shi domin za ka buƙace shi a gaba. Ana farawa da rawaya mai haske, sai ruwan zuma, sai ja mai duhu, sai shuɗi. Daga nan sai a sake zagaye: rawaya, ruwan lemo, ja, shunayya, shuɗi, sannan kore shar ya bayyana. In fatar ta ci gaba da kauri launukan su dusashe, a ƙare a baƙi. Baƙi mai sheƙi da sauran dama, amma baƙin da ya mutu, wanda ba ya ɗaukar haske, alama ce farar wuta ta riga ta ci fuskar ƙarfen.

Jan ƙarfe ya fi azurfa saurin sauyawa. Yana fitowa ja mai ƙyalli, a hankali ya koma ruwan ƙasa, kuma masu tantance kuɗi suna raba shi gida uku: ja, tsaka-tsaki, da ruwan ƙasa, farashin kowanne daban. Nikel ba ya son sauyawa, sai ɗan rawaya ko ruwan toka. Zinariya kusan ba ruwanta, sai dai ɗigon ja-ja inda jan ƙarfen da aka gauraya da ita ya taru.

Mataki na biyu: riƙo da haske

Ka wanke hannu ka tsane shi sarai. Ka riƙe kwandala ta baki, tsakanin babban yatsa da manuni, a saman tawul mai laushi saboda kada ta suɓuce. Kada ka yi magana fuskarka na kanta, domin ɗigon yawu ɗaya yana zama baƙin tabo bayan 'yan watanni. Ka kashe sauran fitilu ka bar ƙwan lantarki guda, ka riƙa karkata ta a hankali. Gilashin ƙara girma mai ninki biyar zuwa goma ya isa.

Kafin ka shagala da kyan launi, ka amsa tambaya uku. Fuska ɗaya ce ta rinu ko duka biyu? Daga ina rinin ya fi duhu, baki ko tsakiya? Iyakarsa miƙaƙƙiya ce, lanƙwasasshiya ce, ko kuwa ba ta da iyaka? Amsoshin nan su ne za su kai ka ga ma'ajiyar.

Mataki na uku: gane zanen

A nan aikin yake, kuma da buhu ya kamata a fara.

An buga dalar Morgan daga 1878 zuwa 1904, aka sake bugawa a 1921. Kashi 90 cikin ɗari azurfa ce, 10 jan ƙarfe, nauyinta giram 26.73. Dokar Bland-Allison ta 1878 ta tilasta wa gwamnati sayen azurfa kowane wata tana buga dala, alhali a yawancin sassan ƙasar mutane sun fi son takardar kuɗi da wannan nauyi a aljihu. Sai aka riƙa zuba su dubu-dubu a buhunan yadi mai kauri, kowane buhu kusan kilo 27, ana jibgewa a ɗakunan ajiyar baitulmali. A ƙarƙashin dokar Pittman ta 1918 an narkar da sama da miliyan 270, amma miliyoyi suka rage a buhu har farkon shekarun 1960, lokacin da jama'a suka yi layi suna canja takardarsu da buhunan azurfa. Da aka rufe wannan ƙofa a 1964, saura kimanin miliyan 2.9, yawancinsu bugun garin Carson City na jihar Nevada, hukumar GSA mai kula da kadarorin gwamnatin Amurka ta sayar da su tsakanin 1972 da 1980.

Ka kwatanta cikin buhun a ranka. Dalolin da ke tsakiya 'yan uwansu sun kewaye su, iska ba ta kai musu, sun fito fari tas bayan shekara tamanin. Waɗanda ke gefe, jingine da yadin, su ne suka sha farar wutar da ke cikinsa. To amma da wuya ka samu dala ta jingina da dukkan fuskarta. Galibi wata dalar ta hau kan rabinta ta kare shi, sai sashen da ya leƙo kawai ya rinu. Tunda abin da ya kare ta da'ira ce, iyakar rinin sai ta fito a lanƙwashe, siffar jinjirin wata. Launin ya fi kauri ta wajen da yadin yake, yana raguwa zuwa wajen da aka kare, shi ya sa za ka ga kore da ja a baki, sai shuɗi, sai ruwan zuma, sai fari, a jere. Ka juya bayanta, yawanci za ka tarar fari ne ko ɗan rawaya kaɗan. Fuska ɗaya mai launi, iyaka mai lanƙwasa, jeri a tsare: wannan buhu ne.

Akwai wata shaida da ta fi wannan ƙarfi. Inda nauyin buhunan sama ya danne dala a jikin yadin sosai, saƙar da kanta takan fito, ɗigo-ɗigo a jere layi-layi, musamman a kumatun hoton matar da ke fuskar dalar, domin nan ne ya fi tudu. A ganina babu rinin da ya kai wannan daɗin kallo, saboda kana ganin zaren buhun da ya ruɓe tun tuni a jikin ƙarfe.

Albam kuwa akasin haka yake yi. A shekarun 1930 wani dillali a New York mai suna Wayte Raymond ya yaɗa albam na kwali mai kauri, an huda ramuka daidai girman kowace kwandala, an rufe gaba da baya da leda mai zamewa. Kwalin yana taɓa kwandalar ne ta bakinta kawai, a zagaye. Daga nan farar wuta ke shigowa tana tafiya ciki a hankali, sai a samu zobba a cikin zobba: baki ya fi duhu, shuɗi ko shunayya, sai ja, sai ruwan zuma, tsakiya kuma fari ko rawaya mai haske. Tunda gaba da baya duk a buɗe suke daidai, fuska biyun sukan yi kama da juna. Idan ka ga zobe a fuska ɗaya kawai, ɗayar kuma ta yi duhu baki ɗaya, to ka tuna da shuɗin kwalin nan mai ninkewa na kamfanin Whitman wanda ya fito a 1940. A cikinsa bayan kwandala kwance yake a kan takarda, gabanta kuma a buɗe, saboda haka bayan ya fi shan wahala, gaban kuma sau da yawa za ka ga sawun babban yatsan da ya danna ta cikin ramin.

Naɗin banki ba shi da wuyar ganewa. Ana jera kwandaloli a naɗe su a takarda, a nannaɗe bakin takardar a kan ta farko da ta ƙarshe. Waɗannan biyun kaɗai ke rinuwa sosai, a fuskar da ke waje, kuma iyakokin miƙaƙƙu ne masu kusurwa, daidai yadda aka ninke takardar. Buhu lanƙwasa yake bari, naɗi kuwa layi. Na cikin naɗin bakinsu ne kawai ke yin duhu.

Daga 1947 zuwa 1958, ban da 1950, masana'antar buga kuɗin Amurka ta sayar wa masu tarawa jerin kuɗin kowace shekara a cikin kwali mai rufin takarda. Kwali da takardar nan suna da farar wuta sosai. Abin da suka bari rini ne dabbare-dabbare, ruwan ƙasa da ja da kore a cakuɗe, wani mai ban sha'awa, wani mai muni, kuma fuskar da ke manne da takarda ta sha bamban da ɗayar. Kafin wannan, a shekarun 1930, an riƙa aika rabin dala na tunawa da bukukuwa, irin na York County da na Norfolk masu shekarar 1936, a kwali mai 'yar maɗaura da ta ratsa fuskar kwandalar ta riƙe ta. Abin mamaki, inda maɗaurar ta rufe yakan zauna da haske, kewayensa ne ke yin duhu, sai siffarta ta fito rangaɗau.

Ambulan na takarda rini mai laushi yake yi, ko'ina daidai, gaba da baya, ruwan toka da shuɗi-shuɗi, wani lokaci da layin da gam ɗin ambulan ya bi. Tsofaffin masu tarawa na Turai kuma a akwatin katako mai aljihuna suke jera kuɗinsu, kowace kwandala a raminta. Fuskar da ke kallon sama takan yi ruwan toka mai zurfi da ɗan walƙiyar launi a lungunan rubutu, ta ƙasa kuma ta fi haske.

Wannan duka yana da amfani ga abin da ke cikin akwatunan gidajenmu. Dalar Mariya Tareza ta Ostiriya ta yi yawo a kasuwannin ƙasar Hausa a ƙarni na 19, kuma har yau ana samunta a kayan gado. Kada shekarar 1780 da ke jikinta ta ruɗe ka, domin duk wadda aka sake bugawa bayan nan wannan shekarar aka ci gaba da sa mata. Haka sulallan azurfa na Afirka ta Yamma da Turawan Ingila suka fara fitarwa a 1913, kafin a koma tagulla a 1920. Waɗannan sun sha hannu, sheƙin bugu ya goge, saboda haka kada ka sa ran bakan gizo a jikinsu. Rininsu na ƙwarai ruwan toka ne, tudu da haske, lungu da duhu, kuma haka masu saye ke son ganinsu. Wadda ta daɗe a jakar fata ko a ƙulle a tsumma takan yi baƙi ƙirin, wani lokaci da ɗan kore-kore mai maiƙo a lungu, domin man da ke cikin fata yana cin jan ƙarfen da aka gauraya.

Mataki na huɗu: raba ado da cuta

Baƙin layi guda da ya ratsa fuskar kwandala kamar an ja da biro, aikin robar ɗaure kuɗi ne. Da farar wuta ake sarrafa roba, kuma ko ta bayan leda aka ɗaura ta tana iya ratsawa. Sawun yatsa da ya yi ruwan ƙasa ya riga ya zauna, gishirin gumi ya ci wurin, ba ya fita. Ɗigon tsatsa kusa da baki yawanci daga ƙusar da aka danne kwalin ajiya da ita yake.

Wanda ya fi haɗari shi ne kore mai danƙo, ko hazo mai maiƙo a kan fuska. Wannan daga leda mai laushi ce, wadda ake kira PVC. Ana zuba mata wani sinadari don ta yi taushi, zafi da danshi kuma su sa ya tsatso ya kwanta a kan ƙarfe, daga baya ya zama asid. In aka bar shi sai ya huda fuskar, ramuka ƙanana da ba sa gyaruwa. Shi kaɗai ne a wannan bayani ba a jira da shi. Ana jiƙa kwandalar a asiton tsantsa, wani ruwan sinadari mai narkar da danƙo, a kofin gilashi, a wuri mai iska, nesa da duk wata wuta domin yana kamawa nan take. Kada ka yi amfani da abin goge jan farce, an gauraya shi da turare da mai. Kada ka goga, ka ɗauraye da sabon asiton ka bar ta ta bushe da kanta. Asiton yana cire danƙon ne kawai, ba ya taɓa rinin gaskiya. In kwandalar mai tsada ce, ko ta jan ƙarfe ce, gara a kai wa ƙwararre.

Mataki na biyar: rinin hannu

Tunda dala mai kyan launi kan ninka farashin farar 'yar uwarta, dole a samu masu yi mata rini da wuta ko da sinadari. Manyan kamfanonin tantancewa, PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987, ba sa ba irin wannan cikakken maki idan sun gane. Kai ma za ka iya kama mafi yawansu.

Ka fara da jerin launi. In shuɗin zagayen farko, mai bin ruwan zuma da ja mai duhu, ya yi tsalle zuwa kore ba rawaya da ja a tsakani, ko shunayya ta bazu faca-faca ba tsari, ka yi hattara. Sannan ka duba tudu da kwari. Rinin shekaru ba ya hawa ko'ina daidai: launin da ke kan harafi daban yake da na filin da ke kewaye da shi, lungunan gashi daban da kumatu. Rinin hannu kuwa yana malalewa a kan komai bai ɗaya, ka gan shi a sama yake, bai shiga ba. A dalar Morgan ta gaskiya sau da yawa za ka ga wata 'yar farar inuwa a gefen taurari da lambobin shekara, ta wajen baki, inda ƙarfe ya miƙe lokacin bugu har rini ya kasa kama shi sosai. Wannan yana da wuyar kwaikwayo.

Ka karkata ta a haske ka leƙa ƙarƙashin launin. In akwai siraran layuka masu tafiya waje guda, an taɓa goge ta, aka rina don a ɓoye. Daga ƙarshe ka tambayi kanka ko zanen ya dace da wata ma'ajiya da ka sani. Jinjirin wata mai ƙarfi a duka fuska biyu, ko zobban albam a kwandalar da aka buga shekaran jiya, abin tuhuma ne. Dalar Peace, wadda ta gaji Morgan daga 1921 zuwa 1935, ba ta cika yin bakan gizo mai ƙarfi ba, saboda haka in ka ga tana walƙiya da launi bakwai ka ƙara bincike.

Mataki na shida: ajiya

Rini ba ya tsayawa da kansa. Shuɗin da ya burge ka yau, in ka bar kwandalar a kwalin da ya haifar da shi, wata rana baƙi zai zama. Saboda haka in launi ya yi kyau, ka raba ta da ma'ajiyar. Amma kada ka jefar da tsohon kwalin ko ambulan ɗin, ka ajiye shi daban, domin shi ne shaidarka ranar sayarwa.

Mafi aminci shi ne 'yar gwangwanin roba mai tauri, mai haske, daidai girman kwandalar, ko leda mai tauri irin ta Mylar. In kana shakkar wata leda, ka lanƙwasa ta ka shinshina: mai laushi sosai, mai warin sabuwar roba, ka guje ta. Akwai kuma gwaji mai sauƙi da za ka yi a waje: ka gasa bakin wayar jan ƙarfe a shuɗiyar wutar gas, ka taɓa ledar da ita, ka mayar cikin wutar. In harshen ya yi kore, PVC ce.

Danshi da zafi ne ke hanzarta duk wannan ɓarna. A wajenmu damina ce lokacin haɗari, sai ɗakin da kwano ke gasawa da rana. Ka sa kuɗin a mazubi mai murfi da ke rufuwa gam, ka jefa 'yan ƙunshin silika irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi ko na magani, ka riƙa sauya su in sun sha ruwa. Ka nisanta mazubin da kicin, da inda janareta ke hayaƙi, da ɗakin da ake turaren wuta. Kada ka haɗa shi akwati ɗaya da jarida, ko kayan ulu, ko na fata, ko robar ɗaure kuɗi. Da hunturu kuma ƙura ce matsala: in ta sauka a kan kwandala kada ka share da tsumma, yashi ne, zai karce ta. Ka hura ta da 'yar robar hura iska irin ta masu gyaran agogo da kyamara.

Ranar da za ka rufe mazubin, ka ɗauki hoton kowace kwandala gaba da baya a ƙarƙashin ƙwan lantarki guda, ka rubuta kwanan wata da irin abin da ka same ta a ciki. Farkon damina da ƙarshenta ka buɗe ka gwada da hoton a wannan hasken dai. In launi ya matsa gaba a jerin nan, daga ruwan zuma zuwa ja ko daga shuɗi zuwa duhu, akwai abin da ke fitar da farar wuta a cikin mazubin ko kusa da shi, sai ka nemo shi ka fitar, ka sauya silikar.